Tarihin Gasar Sarauniyar Kyau da Sharuɗɗanta: Tsokaci Daga Kiru



Kwana biyu bayan ƙaramar sallar da ta wuce, wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Abuja ya zo gaishe ni. Muka zauna a zaure muka taɓa hira, aka tuna da bulala da sharar fili da sauran abubuwan da yaro ba ya mantawa da su. Yana shirin tashi sai ya gyara zama ya ce, "Malam, akwai wata shawara da ni da abokaina muke ta juyawa, na ce ba za mu kai ta gaban taro ba sai na ji ta bakinka." Shawarar ita ce a riƙa shirya gasa duk shekara tsakanin 'yan matan yankinmu, tun daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, a zaɓi sarauniya guda a ɗauki nauyin karatunta har jami'a. Ya yi saurin ƙarawa da cewa komai cikin sutura za a yi, da hijabi, a gaban iyaye mata. Na ce, "Ɗana, ajiye batun sutura tukuna. Wace yarinya ce za a bari ta shiga, kuma da wane mudu za a auna ta?" Ya yi jim, ya ce ba su kai nan ba.

Ban ga laifinsu ba, domin duk sa'ad da aka tayar da zancen gasar sarauniyar kyau a Arewa, a kan tufafi muhawara take farawa, a kansu kuma take ƙarewa. Amma wanda ya bi diddigin tarihin wannan gasa zai tarar cewa tun kafin alƙalai su zauna an riga an yanke rabin hukunci a bakin ƙofa, watau a cikin sharuɗɗan shiga. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin in shimfiɗa wa masu karatu wannan tarihi gwargwadon abin da ya shafe mu.

Kafin mu haura teku, ya kamata mu tuna cewa fitar da gwana a cikin 'yan mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mu da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1960 mun riski wutsiyar zamanin dandali. Idan kaka ta yi, an cika rumbuna, sai a sa ranar kalankuwa, makaɗa su zo daga garuruwa, 'yan mata su sha kitso da lalle da kwalli, su rina haƙora da fure da goro, a fito a yi gaɗa har dare ya raba. Samari suna da Sarkin Samari, 'yan mata kuma suna da shugabarsu, wadda a wasu garuruwa ake kira Mama, a wasu kuma Sarauniya. Wanda ya karanta littafin Baba of Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, labarin wata tsohuwa da ta tashi a wajajen Zarewa can ƙasar Rogo, ba nisa da mu, zai ga irin wannan rayuwa. Babu takarda, babu alƙalai, babu maki. Kyau yana cikin abin da ake dubawa, amma yarinya ba ta shugabanci da kyau tsurarsa. Sai ta iya baki, ta iya waƙar gaɗa, ta iya raba faɗa tsakanin ƙawaye, kuma a san gidan da ta fito. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: ranar da aka sa ta a lalle, ranar sarautarta ta ƙare. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, domin za mu sake karo da shi har a Amurka.

(Maƙwabtanmu Bororoji na Jamhuriyar Nijar su nasu a juye yake. A bikin Gerewol da suke yi ƙarshen damina a wajajen Ingal, samari ne ke cin ado su jeru suna zare ido suna nuna farin haƙori, 'yan mata kuma su ne alƙalai. Na kawo wannan ne don a gane cewa mudun auna kyau kowa da irin nasa.)

Gasar da ake haɗa kambi da kuɗin makaranta a Amurka aka haife ta, kuma ba don ilmi aka haife ta ba. A 1921 'yan kasuwa da masu otal-otal na birnin Atlantic City, wanda ke bakin teku, suka ga baƙi masu yawon shaƙatawa suna watsewa da zarar watan Satumba ya kama. Sai suka shirya bikin 'yan mata cikin kayan wanka don su riƙe baƙin ko da na mako guda ne. Wadda ta ci a wannan shekara, Margaret Gorman, shekarunta 16. Daga nan gasar Miss America ta samo asali. Limaman coci da ƙungiyoyin mata suka yi ta suka, irin dai sukar da malamanmu ke yi a yau, kuɗi kuma suka yi ƙaranci, har gasar ta tsaya daga 1928 zuwa 1932.

Wata mata mai suna Lenora Slaughter ce ta zo a 1935 ta wanke wa gasar fuska. A hannunta aka wajabta wa kowace yarinya ta nuna wata baiwa, kamar waƙa ko kiɗa ko jawabi, daga 1938, aka kuma ƙayyade shekaru daga 18 zuwa 28. A 1945 aka fara ba da tallafin karatu, dala 5,000, wanda Bess Myerson ta birnin New York ta samu. Ita kuwa ta riga ta gama kwaleji a fannin kiɗa. Tun daga nan sai gasar ta zama tsani mai hawa uku. Kowane ƙaramin gari yana shirya tasa, a ba wadda ta ci ɗan abin da zai rage mata kuɗin kwaleji, ta wuce ta jiha, daga can ta wuce ta ƙasa. Waɗannan ƙananan gasa na garuruwa su ne ainihin abin da ɗalibina yake so a kwaikwaya, ko ya sani ko bai sani ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. A cikin dokokin shiga na zamanin Slaughter akwai doka ta bakwai, wadda ta ce dole mai shiga ta kasance lafiyayya kuma farar fata. Ba a soke ta ba sai 1950, kuma ko bayan an soke ta sai da aka kai 1970 kafin baƙar fata ta farko, Cheryl Browne, ta taka dandalin gasar ta ƙasa, sa'an nan sai Satumbar 1983 aka naɗa baƙar fata ta farko, Vanessa Williams. Watau shekara da shekaru ana raba kuɗin karatu da sunan taimakon 'ya'ya mata, alhali jikokin bayi, waɗanda suka fi kowa bukatar taimakon, suna tsaye a waje. Babu alƙalin da ya rage musu maki. Ba a bari sun zo gabansa ba ne kurum. Sauran sharuɗɗan da aka daɗe ana bi su ne: yarinya ta gama sakandare, ta kasance mazauniyar jihar ko ɗaliba ko ma'aikaciya a cikinta na wasu watanni, kada ta taɓa aure, kada ta taɓa haihuwa. Ga sharaɗin dandalinmu ya sake ɓullowa cikin kwat da takarda.

Mudun alƙalansu kuwa, a wajajen 2010, ga yadda ake raba maki 100: nuna baiwa 35, ganawa da alƙalai a keɓe 25, fitowa cikin doguwar rigar dare 20, fitowa cikin kayan wanka 15, amsa tambaya a gaban jama'a 5. Duk wanda ya taɓa cika takardar sakamakon jarrabawa zai ce wannan tsari ya yi kama da adalci. Ni da na shafe fiye da shekara talatin ina ba da maki ban yarda ba. Maki 35 na nuna baiwa na 'yar gidan da aka saya mata kayan kiɗa aka ɗaukar mata malami tun tana ƙarama ne. Maki 35 na riga da kayan wanka na wadda Allah ya yi wa dire ne, kuma babu ƙoƙarin da yarinya za ta yi ta ƙara wa kanta taƙi guda na tsawo. Maki 25 na ganawa ma ido ba ya barin kunne ya yi aikinsa shi kaɗai. A 2018 masu gasar da kansu suka soke fitowa cikin kayan wanka, suka ce sun daina auna siffar jiki.

Mu dawo gida. Abin da da yawa daga cikin matasanmu ba su sani ba shi ne, sarauniyar kyau ta farko a Nijeriya daga Kano ta fito. A 1957 jaridar Daily Times ta Legas ta ƙirƙiro gasar Miss Nigeria. Hanyar shiga ita ce a aika da hoto ofishin jaridar, a tace, a gayyaci waɗanda suka tsallake zuwa Legas. Grace Atinuke Oyelude, haifaffiyar Sabon Garin Kano ce a 1931, iyayenta mutanen Isanlu ne ta Lardin Kabba, wanda a lokacin yana cikin Jihar Arewa, yanzu kuma yana Jihar Kogi. Tana aiki a kamfanin UAC a Kano ɗan'uwanta ya ga sanarwar ya sa aka aika da hotonta. Ta je Legas ta ci, aka ba ta fam 200. Babu wanda ya kira wannan kuɗi tallafin karatu, amma ita ta mai da shi haka: ta tafi Ingila ta koyi aikin jinya a garin Ashford, ta ƙara da na ungozoma, ta dawo ta yi aiki a Kaduna, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello har ta yi ritaya a 1985. Ba mamaki a cikin dattawanmu da aka taɓa kwantarwa a Zariya akwai wanda ya ci moriyar wannan fam 200 bai sani ba.

Wannan shi ne mafi kyawun labari da masu goyon bayan gasar za su iya kawowa, kuma ban raina shi ba. Sai dai a duba abin da Grace ta riƙe a hannu kafin ta shiga. Ta yi makaranta, tana jin Turanci, tana da albashi, tana da ɗan'uwa mai karanta jaridar Legas, tana da hoto. A Kirun 1957 hoton ma sai an yi tattaki zuwa birni. Makarantun 'yan mata na farko na boko a Kano da Katsina a 1930 aka buɗe su, a cikin birni, kuma 'ya'yan fada ne suka fara cika su. 'Yar ƙauye ba a hana ta shiga gasar Daily Times ba. Ba ta ma ji labarinta ba.

Rigingimun da suka fi damun gasar Miss Nigeria a shekarun baya ma a kan sharuɗɗan shiga aka yi su. Da Binta Sukai ta Jihar Kaduna ta ci a 1990, sai aka yi ta raɗe-raɗin wai ba 'yar ƙasa ba ce, saboda a cikin kakanninta akwai jinin Sikotilan. Wadda aka naɗa a 2001 kuwa tuɓe ta aka yi bayan an gano ta rage shekarunta, takardun karatun da ta gabatar kuma ba su inganta ba. Asali da shekaru da takarda: duk hedimastan da ya taɓa cika fom ɗin jarrabawar shiga sakandare ya san cewa a kan waɗannan uku ake zuwa roƙonsa da dare.

Sai shekarar da ba za mu manta da ita ba. A Nuwamban 2001 Agbani Darego ta Jihar Ribas, tana da shekara 18, ta ci gasar Miss World a Afirka ta Kudu, ta zama baƙar fatar Afirka ta farko da ta samu wannan kambi. Saboda haka aka ba Nijeriya ɗaukar nauyin gasar 2002 a Abuja. Lokacin kuwa shekara biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a a Kano da sauran jihohin Arewa, shari'ar Amina Lawal a Jihar Katsina ta sa wasu 'yan takara na ƙasashen waje sun ƙi zuwa, ga shi kuma 'yan takarar da suka zo sun sauka ne cikin watan azumi. Ranar 16 ga Nuwamba jaridar ThisDay ta buga wani rubutu da ya ambaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar da babu Musulmin da zai lamunta. Ranar 20 ga wata aka ƙona ofishin jaridar a Kaduna, daga nan wuta ta kama gari, ta juye ta zama faɗan Musulmi da Kirista na kwana uku, har ta taɓa Abuja. Mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu. Aka kwashe 'yan takara aka kai Landan, aka yi gasar ranar 7 ga Disamba, wata 'yar Turkiyya mai suna Azra Akin ta ci. Ina tune da motocin da suka riƙa tsayawa a Kwanar Dangora a waɗannan kwanaki, cike da mata da yara da ƙullin kaya, 'yan uwanmu ne mazauna Kaduna suna gudowa gida. A cikin waɗanda aka kashe da waɗanda aka ƙona wa shaguna, akasari talakawa ne da ba su taɓa ganin 'yar takara ko ɗaya ba. Wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da kalmar sarauniyar kyau a ƙasar nan ba, ko da an naɗe ta da hijabi goma.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gasar Miss Nigeria ta yi wasu shekaru a kwance, da aka farfaɗo da ita a 2010 sai aka cire fitowa cikin kayan wanka aka sa tallafin karatu a cikin kyaututtuka, daidai dabarar da Lenora Slaughter ta yi a 1945. Wannan sauyi ne ya buɗe wa Shatu Garko ƙofa. Ranar 17 ga Disamba 2021, a Legas, wannan yarinya 'yar shekara 18, wadda asalin iyayenta Ƙaramar Hukumar Garko ne a nan Kano ta Kudu, ta zama Miss Nigeria ta 44, ta farko da ta ci da lulluɓi a kanta. Aka ba ta naira miliyan 10 da mota da gidan zama na shekara guda. Kwamandan Hisbar Kano na lokacin, Sheikh Harun Ibn Sina, ya ce za su gayyaci iyayenta su yi musu nasiha. Aka yi makonni ana ka-ce-na-ce a gidajen rediyo da Facebook, wasu na cewa ta ɗaga darajar hijabi, wasu na cewa ta zubar da ita. Na saurari ɓangarorin biyu, ban ji wanda ya tambayi 'yan mata nawa ne a cikin ƙauyukan Garko za su iya cika fom a intanet, su amsa tambaya da Turanci a gaban kyamara, su sami mai raka su Legas ba. Ga shi kuwa a garin Garko akwai kwalejin kimiyya ta 'yan mata, inda ake shiga da jarrabawa, kuma ban taɓa jin an yi mako guda ana muhawara a kan wadda ta zo ta ɗaya a can ba.

Yanzu bari in ɗauki waɗannan sharuɗɗa da muka gani in aza su a kan ƙasarmu, mu ga wa zai rage.

Idan aka ce sai wadda ba ta taɓa aure ba, to an fitar da mafi yawan 'yan matan da na koyar. Mu 'yan zamanin UPE ne. Shirin da aka ƙaddamar a 1976 shi ya kai irinmu kwalejin horon malamai, shi kuma ya cika mana azuzuwa da yara. Abin da na gani shekara bayan shekara shi ne, a aji ɗaya layin 'yan mata yana da tsawo, a aji shida ya zama ɗan guntu, kuma sau da yawa wadda ta fi kowa ƙwaƙwalwa ita ake fara ɗauka, domin mai hankali ba ta rasa manema. Akwai wata yarinya da ta riƙe na ɗaya tun daga aji uku har aji shida, maza da mata, lissafi kamar ta haɗiye allo. Na je gidansu sau biyu, mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, ya ce an riga an karɓi kuɗin gaisuwa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma yi abin da ya saɓa wa al'adar lokacin ba. Yau tana da 'ya'ya har da jika, ita ke riƙe wa matan unguwarsu lissafin adashi, kuma har gobe in mun haɗu sai ta ce, "Baba Malam, yaushe za a buɗe mana aji?" Ko a duniyar masu gasar ma wannan sharaɗi ya fara rushewa, domin daga 2023 gasar Miss Universe ta yarda matan aure da masu 'ya'ya su shiga. Zai zama abin kunya a ce su sun buɗe wannan ƙofa, mu da muka fi su yawan matan da aure ya katse wa karatu mu rufe ta.

Idan aka ce sai mai takardar gama sakandare da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, to an tsallake wurin da igiyar ke tsinkewa. Yarinyar Ɗansoshiya ko Zuwo ko Bargoni ba a ƙofar jami'a take faɗuwa ba. Tana faɗuwa ne tsakanin aji shida na firamare da ƙaramar sakandare, saboda nisa da kuɗin mota da talla, ko kuma a aji biyar na sakandare in ta kasa tsallake jarrabawar kwalifayin, iyayenta kuma ba su da kuɗin biya mata NECO. Wadda ta kai ga riƙe kiredit biyar ta riga ta haye rafi mafi zurfi.

Idan kuwa aka ce sai 'yar asali mai takardar shaidar ƙaramar hukuma, to a nan ne zan ɓata wa masu karatu rai, domin da ku nake. Yarinyar da aka haifa a Abuja ko Legas ko Fatakwal, ta yi makarantar kuɗi, ba ta zuwa Kiru sai da salla, ba ta san hanyar Kafin Maiyaƙi ba, tana da wannan takarda saboda kakanta. Yarinyar da aka haifa a rugar Fulani a gefen dajin Falgore, ko 'yar baƙon da ya zo cin kasuwa Kwanar Dangora ya zauna shekara talatin, wataƙila ba ta da ita. A sa su a dandali guda, a yi tambaya da Turanci, a ba da maki a kan iya tsayuwa da iya kallon jama'a: kowa ya san wadda za ta ci. Kuɗin da kuka tara don taimakon gida zai hau mota ya bi ku ya koma birni, a hannun 'ya'yanku, kuma babu wanda za a ce ya yi maguɗi.

Game da mudu, ba sai mun je Amurka aro ba. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ita ma tsani ce daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma mata suna da ɓangarensu. An raba ta rukuni-rukuni, daga masu izu biyu har masu izu sittin da tafsiri, yadda ƙaramar yarinya ba za ta kara da hafiza ba. Maki a kan hadda da tajwidi da murya yake. In mai karatu ta yi kuskure alƙali ya buga ƙararrawa, duk wanda ke zaune a wurin da Mushafi a hannu zai iya dubawa ya tabbatar. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a matsayina na malami: abin da ake aunawa abu ne da yarinya za ta iya ƙara shi da ƙoƙarinta, kuma hukuncin alƙali abu ne da ɗan kallo zai iya bincikawa. Kyau ba ya cika ko ɗaya daga cikin biyun. Uban da aka ce 'yarsa ta faɗi a lissafi zai ce ta ƙara himma baɗi. Uban da aka ce 'yarsa ta faɗi a kyau, a gaban mutanen gari, ban san abin da zai ce ba, amma na san ba zai sake zuwa taronmu ba.

Kambin ma muna da namu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru, takan zaɓi mace mai amana daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa ta ɗaura mata jan rawani. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da ƙananan 'yan mata su yi tattaki zuwa wurin Nana, su koyi karatu a cikin waƙoƙi, su komo gida su koyar da matan aure da ba su da halin fita. A lura da yadda ta tsara sharuɗɗanta. Ta san akwai matan da ba za su iya zuwa ba, sai ta gina tsarin gaba ɗaya a kan yadda ilmi zai je ya same su a ɗaki, kuma wadda aka naɗa aiki aka ɗora mata tare da malfar. A zamaninmu ma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano a 1980, wadda ta buɗe azuzuwan manya da cibiyoyin matan aure har ta sami lambar yabo daga UNESCO. Matan da suka bi ta nan suka zama malamai da ma'aikatan asibiti suna nan da ransu, kowa a cikinmu ya san ko da guda.

Duk wannan na faɗa wa ɗalibina a zaure, ko da yake ba da tsawon haka ba, har shayinsa ya huce. Ya ce, "To Malam, a fasa ke nan?" Na ce ban ce a fasa taimako ba, kuma ko biki ake so da kujeru da lasifika da kyauta a yi, yara suna son a tafa musu. Abin da na roƙe shi shi ne, kafin a nemi sunan gasa, kafin a buga kalanda, ya zauna da abokansa su rubuta sharuɗɗan shiga a takarda guda, sa'an nan su ɗauki mazaɓun Kiru ɗaya bayan ɗaya, Yako da Dangora da Baɗafi da Maraku da Galadimawa da sauransu, a gaban kowane sharaɗi su rubuta irin yarinyar da zai hana shiga. Na kuma ce su sa layi guda na matar aure mai son komawa aji, su ga ko takardar tasu tana da wurinta. Ya rubuta a wayarsa, ya ce zai zo da takardar in sun zo babbar salla. Na gaya wa tsohuwar ɗalibata mai lissafin adashi ranar da zai zo, ta ce za ta aiko ɗanta ya karanta mata.